Yadda Gudun Riya Ya Kai Ni Gaban Lasifika

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da na ƙudura a raina cewa ni da riya mun raba gari har abada. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau idan wani malami ya ambaci kalmar a rediyo sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in lallaɓa in rage murya, maiɗakina kuma ta juya mini baya wai tankaɗe take yi, alhali kafaɗunta rawa suke don dariya.

Ni mai awon auduga ne a wani kamfanin gurza a Funtua, amma asalina ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kafur, inda mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona ni da yayana. Yaya ke zaune a gida yana noman. Ni nawa aika taki, sai kuma in je ranar hutu in tsaya a bakin gona ina ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ni. Ina da wata cuta tun ina ƙarami, wato idan kalma ta shiga kunnena ban san gindinta ba, to ba ni da sauran sukuni sai na bi ta har gida. Mutane suna cewa ina da son sani. Maiɗakina ta ce sunan abin shisshigi.

A shekarar ne na shiga karatun manya da Malam Habu yake ba mu a masallacin unguwa tsakanin magariba da lisha. Littafin tauhidi muke yi, muna tafiya lafiya lau, har muka iso babin riya. Kalmar ba baƙuwa ba ce a wurina, tun ina yaro nake jin ta, amma ban taɓa tsayawa na kalle ta ido da ido ba. Malam ya ce asalinta Larabci ne, daga kalmar gani ta fito, kuma ma'anarta mutum ya yi aikin ibada don mutane su gan shi. Ya ce tana da ƙanwa mai suna sum'a, ita kuma a yi aikin don a ji labari. Sannan ya faɗi abin da ya tsinka mini zuciya: riya ƙaramar shirka ce, tana cinye ladar aiki tas, kuma tana shiga zuciya a hankali yadda mai ita ma ba zai ji shigarta ba. Na koma gida ina ta jujjuya maganar, ko tuwon kirki ban ci ba.

Washegari na fara bincike, don na lura yadda Malam ya fassara ta daban, yadda mutanen gari suke amfani da ita daban. Na tambayi maiɗakina ko mece ce riya a wurinta. Ba ta ko yi tunani ba ta ce maƙwabciyarmu da ke suyar nama ta bar ƙofar madafa a buɗe. Na ce ai suyar nama ba ibada ba ce, ta ce to in je in shaƙi ƙamshin in dawo mu yi maganar. Wani direban tirela da ke kawo mana auduga ya ce shi riya a wajensa ita ce mutum ya ba gajiyayye abinci yana ɗaukar hotonsa a waya. Wani lebura ya ce akwai dattijo a layinsu da ba ya tafiya sallar asuba sai ya yi gyaran murya a ƙofar kowane gida. (Na ce wataƙila tashin mutane yake yi, ya ce to me ya sa ya fi daɗewa a ƙofar gidan kansila?) Har abokin aikina Bitrus, mutumin wajen Malumfashi, sai da na tare shi a bakin sikeli na tambaye shi ko su ma suna da irin wannan a coci. Ya ce sosai ma, su aikin ganin ido suke cewa, kuma tun suna yara ake ja musu kunne cewa sadakar kirki ita ce wadda ko ɗaya hannunka bai san an yi ta ba. Na ce ikon Allah, ashe ciwon na kowa ne.

Daga nan na koma kan Malam Habu da tambayoyi. Idan na tsawaita sujada don bayana yana jin daɗin miƙewa, riya ce? Idan na ji daɗi da aka ce muryata ta yi kyau a iƙama fa? Idan na saya wa masallaci buta, ladan ya faɗa wa mutane ba da izinina ba, laifin wa? Malam mutum ne mai haƙuri, amma da ya ga na hana sauran ɗalibai motsi sai ya ce in bi a sannu, babin da saura, amsoshina suna gaba. To gaban ne ban samu ba. Auduga ta fara shigowa, aiki ya riƙe mu har bayan magariba, na daina zuwa karatu. Na tafi da rabin babi a kaina, kuma a zatona na gama da shi.

Abin da ya biyo baya kunya ce ma in faɗa. Idan ina nafila wani ya shigo masallaci sai in yi maza in sallame. Carbina ya koma cikin aljihu, ina ja a ɓoye kamar mai ƙirga abin sata. Amin ɗina ta koma ciki-ciki. Kuma duk wanda na kalla sai in hango riya a jikinsa: wannan rawaninsa ya cika girma, wancan tabon goshinsa ya cika baƙi. Ina tafiya a cikin Funtua ina tausayin jama'a, ni kaɗai ne na gane.

Ana haka masara ta isa gida. A ƙauyenmu yadda ake fidda zakka sananne ne tun kakanni. Ranar da injin sussuka ya zo gonarka, a nan wurin ake ɗura buhuna, a nan ake ware na Allah gefe guda a gaban kowa. Kowane gida kuma yana da alamarsa da ake zanawa a jikin buhu da fenti, tamu ƙafar kaza ce da jan fenti. Idan an ware, sai mai gona ya ɗora a amalanke ko babur da rana tsaka ya kai wa wanda ya dace, ya yi sallama a zaure, a kawo masa ruwa, a yi masa addu'a, ya tafi. Da ban taɓa ganin aibun wannan ba. A bana kuwa da na tsaya ina kallon ana ware buhunan maƙwabcinmu, sai na ga riya ce tsagwaronta an zana mata fenti. Na ja Yaya gefe na ce ya fidda ta rabonsa, ni tawa zan san yadda zan yi da ita. Ya kalle ni ya ce to. Kafin sati ya zagayo labari ya iso mini har Funtua cewa ɗan birni bai fidda zakka ba bana. Kada ku so ku ga daɗin da na ji. Ga ni ana zagina a kan alherin da nake shirin yi, wane matsayi ya fi wannan?

Wanda na yi niyyar ba wa shi ne Baba Mati. Aminin mahaifinmu ne, shi ya karɓa mini aure, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya miƙa hannu ya roƙi kowa ba, shi ne ma mai bayarwa. A daminar nan rafi ya yi ambaliya ya kwashe masa gona ana gab da karyar masara, ga shi da iyali da jikoki marayu a gabansa. Na ce a raina irin wannan dattijo ba a tsaya masa a zaure da buhu mai ƙafar kaza, gari ya gani a ce yau Baba Mati ya koma cin zakka. Asirinsa ne abin rufewa, kuma ni ne zan rufe shi. (Wannan ɓangaren na niyyata har yau ina ganin mai kyau ne. Sauran ne Allah ya kyauta.)

Na zauna na tsara abin kamar mai shirin yaƙi. Ranar Asabar za a ɗaura auren ɗan mai unguwa da hantsi, duk namijin da ke garin zai hallara, Baba Mati ma shi ne wakilin ango, don haka ba zai kasance a gida ba. Zan shigo ta bayan gari, in ɗauki buhu biyu daga ɗakin ajiyarmu, in bi ta hanyar burtali, in jingina su a bayan dangar gidansa, in ɓace. Saura alama. Tun zuwan da na yi kafin ranar na kulle kaina a ɗakin ajiya, na zazzage masarar, na juya buhunan baibai yadda ƙafar kazar ta koma ciki, na sake ɗurawa na ɗinke. Babur ɗina kowa ya san shi, sai na ari na Bitrus. Fuskata ma kowa ya san ta, sai na nemo hular kwano, na sa baƙin tabarau, na naɗe sauran da wani tsohon rawani. Da zan fita maiɗakina ta bi ni da kallo ta tambayi inda za ni a haka. Na ce wani uzuri ne, don faɗa wa mace ma ai sum'a ce. Ta ce to Allah ya kiyaye, amma ita dai da za ta gamu da ni a hanya, da gudu za ta yi ta bar takalmanta.

Abin da ban riƙe ba shi ne wata magana da Yaya ya yi mini a waya ina tsakiyar awo, ina ta ce masa to, to, ba tare da na saurara ba. Ashe saboda satar amfanin gona da ta yi yawa, da kuma masu kai wa ɓarayin daji abinci a ɓoye, gari ya zauna ya kafa doka. Ba a fita da hatsi ta bayan gari. Buhun da ba alama, na sata ne har sai an tabbatar. Kuma an ɗauko mafarauta daga wani gari su yi sintiri, da gangan aka zaɓo baƙi don kada su ji kunyar kowa, aka kuma koya musu alamar kowane gida. Hanyar burtalin nan kuwa, idan ka wuce gidan Baba Mati kaɗan, ita ce ta miƙe ta shige daji.

Na ɗauko kayana lami lafiya, gari shiru sai kaji da awaki, ina jiyo sautin lasifikar biki daga nesa. Ina tafe a kan babur ina jin wani sanyi a zuciya. Har na fara hango yadda abin zai kasance: Baba Mati ya tsinci masara, ya yi ta tambaya ba wanda ya sani, shekaru su wuce, sai bayan na mutu maiɗakina ta haɗa lissafi ta faɗa, masu zaman makoki su yi ta girgiza kai suna cewa ashe waliyyi ne muke zaune da shi. Ina cikin jin daɗin zaman makokina ne wani mutum ya fito daga cikin karan dawa ya tsaya a tsakiyar hanya da bindigar toka. Na waiga, ga wasu a baya da gorori.

Shugabansu, wanda na ji suna kira Sarkin Baka, gajere ne mai jajayen idanu, rigarsa duk layu. Bai ɗaga murya ba. Ya zagaya babur ɗin, ya shafa buhu, ya ga ɗinkin ya fito waje, ya sa wuƙa ya ɗan farke baki ya leƙa ciki.

"Ƙafar kaza," ya ce wa mutanensa. "Ta gidan mai awon auduga ce. Bawan Allah yana can Funtua yana neman na kanshi, kai kana nan kana kwashe mashi masara. Ina za ka kai ta?"

Kun ga dai a nan kalma ɗaya ta isa ta fitar da ni. Amma idan na ce ni ne mai awon audugar, sai a tambaye ni dalilin shigar nan, daga nan sai sunan Baba Mati ya fito, lada ta zube, asiri ya tonu. Sai na yi gum. Ya sake tambaya, na sake yin gum. Ɗaya daga cikinsu ya kai hannu zai fizge rawanin, Sarkin Baka ya hana, ya ce a bar shi yadda aka kama shi, mai unguwa ya gani da idonsa. Suka zare makullin babur, suka ce in tura.

Wanda bai taɓa tura babur da buhu biyu na masara a cikin yashi ba, kansa cikin hular kwano, rana ta take, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Gumi ya cika mini tabarau har ba na ganin gabana sosai. Duk da haka, Allah shi ne shaida, a cikin raina murna nake. Ina cewa ai haka aka yi wa bayin Allah na farko, a zarge su su yi shiru. Har wani tausayin mafarautan nake ji, ranar da za su gane wanda suka kama.

Muka iso ƙofar gidan mai unguwa an gama shafa fatiha ke nan, ana rabon goro da alewa. Gari kaf yana nan a kan tabarmi, da baƙi daga Kafur da Malumfashi, motoci jere a gindin dalbejiya. A saman bishiyar an ɗaure lasifika mai kan kakaki, sanƙira yana riƙe da abin magana yana ta zuba kirarin dangin ango. Da ya hango mu sai maganar ta maƙale masa. Jama'a suka dare, aka tura ni tsakiya. Ga mai unguwa a kan kujera, ga liman, ga Baba Mati a gefensu cikin farar babbar rigarsa ta zuwa sha'ani, wadda na san ta tun ina yaro. Ga Yaya can da goro a hannu.

Sarkin Baka ya yi bayani a taƙaice, sannan ya ce in cire kayan kaina. Na warware rawani, na zare tabarau, na cire hular kwano. Goron Yaya ya faɗi ƙasa. Wani daga baya ya ce ai ɗan gidan ne, masararsa ce, aka ɗan fara dariya, ni ma na fara murmushin wanda ya tsira. Mai unguwa dai bai yi dariya ba. Ya ce ya ji masarata ce, amma yana so ya san abin da zai sa mutum ya juya buhunsa baibai, ya rufe fuska, ya hau babur ɗin da ba nasa ba, ya bi hanyar daji a ranar da ya san ba kowa a gari. Ya juya ga Yaya, Yaya ya ce wallahi bai san komai ba, abin da ya sani kawai na hana a fidda mini zakka a gona.

Kalmar daji ita ta sauya iskar wurin. Garin nan an sha ɗaukar mutanensa, akwai waɗanda ke zaune a kan tabarmin nan da suka sayar da shanunsu kafin su ga 'ya'yansu. Dariya ta ɗauke. Na ji ana ƙus-ƙus cewa dama irinsu ne ba a zato, masu zama birni suna shigowa jefi-jefi. Samari suka fara matsowa. Sarkin Baka ya ce shi a ganinsa a miƙa ni ga jami'an tsaro tun kafin jama'a su yanke nasu hukuncin. A nan waliccin nawa ya fara tsiyayewa ta ƙafafu. Na buɗe baki na yi wata 'yar magana da ni kaina ban ji ta ba. Mai unguwa ya ce in ɗaga murya, sanƙira kuma, don son gyara, ya kawo abin maganarsa ya manna mini a baki.

"Zakka ce, ranka ya daɗe! Gidan Baba Mati zan kai, don na ga ba shi da abin da zai ci bana. Na ɓoye ne don gudun riya."

Na ji muryata ta fito daga saman dalbejiya ta bazu, ta shiga cikin gida wurin mata, ta tsallaka rafi. Mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu sun ce sun ji ta sarai. Ni da na hana maiɗakina sani don kada ya zama sum'a, ga shi na sanar da gunduma guda. Kuma ba sadakata kaɗai na sanar ba. Na tsaya a gaban surukan mai unguwa da baƙin birni na ce wakilin ango ba shi da abin da zai ci.

Ban iya kallon inda Baba Mati yake ba, amma na ga kowa ya kalla. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Baba Mati ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa, ya miƙe a hankali, ya ce wa mai unguwa a sallami yaron nan, ɗansa ne, gaskiya ya faɗa, rafi ya cinye gonarsa kuma ba wanda bai sani ba. Ya ce wauta ce irin ta masu sabon karatu, uban ma da ƙuruciyarsa ya yi irinta. Aka fashe da dariya, irin dariyar da mutane ke yi idan tsoro ya sake su. Sarkin Baka ya miƙo mini makulli yana girgiza kai. Shi kuwa sanƙira, da yake sana'a sana'a ce, sai ya karɓe abin maganarsa ya ɗora daga inda na tsaya: ga mai sadakar ɓoye, ga wanda hannun hagunsa bai san na damansa ba, ga baibai maganin riya. Har wani baƙo ya taso ya manna masa kuɗi a goshi.

Kafin a watse Baba Mati ya wuce ta gabana, ya ce ba tare da ya tsaya ba in je in juya buhunan nan daidai, in kawo masa da la'asar ta ƙofar gida.

Haka na yi. Na zazzage, na juya, na ɗura, na ɗinke, Yaya yana tsaye a kaina yana min wani kallo da ya fi zagi ciwo. Na bi ta tsakiyar gari da ƙafar kaza ja wur a waje, duk wanda na wuce sai ya ce sannu Malam Baibai. Na yi sallama a zaure, aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. A kusurwar zauren na ga buhuna jingine, kowanne da alamarsa, na gidan liman, na gidan maƙera, har da na Yaya. Na fara ba da haƙuri, Baba Mati ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya in tambaye ka, ɗana. Da ba su kama ka ba, na dawo na iske buhu biyu ba alama a bayan dangata, a wannan marra, mi kake so in yi da su? In na ci, na ci kayan da ban san mai su ba. In aka gan su, an ga kayan sata a gidan Mati, bakin hanyar daji. Da ni za a tsayar a inda ka tsaya yau, kuma ni ba ni da wanda zan ambata."

Wallahi wannan ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Duk tsarin da na yi, na lissafa wanda zai gan ni da wanda ba zai gan ni ba, ban lissafa shi ba. Ya nuna buhunan kusurwa ya ce duk waɗannan da rana aka kawo su, kowa ya zauna a inda nake zaune, suka yi hira, ya yi musu addu'a, don shi ma shekara da shekaru haka yake kai wa iyayensu idan tasu ta ɓaci.

"Ban ji ni abin tausai ba ne sai yau," ya ce. "Da na ga ɗan aminina ya rufe fuska kafin ya zo ƙofata, sai na ce halan rashin nawa ya kai abin kunya ban sani ba."

Ya faɗa ne a hankali, ba faɗa ba zafi, sannan ya ɗaga hannu ya yi mini doguwar addu'a, ya haɗa da mahaifina. Na shafa, hawaye na zubo mini, kuma a karon farko cikin watanni ban tsaya duba ko wani yana kallona ba.

Da auduga ta lafa na koma karatu, na iske labarin ya riga ni isa masallaci. Malam Habu ya yi dariya har da share ido, sannan ya buɗe littafi ya karanta mini sauran babin da na tsallake. Ashe riya a zuciya take zaune, ba a idon masu kallo ba. Mutum zai iya bayarwa a tsakiyar kasuwa don Allah, wani ya bayar a cikin rami yana fatan a tono. Barin aikin alheri don tsoron idon mutane shi ma duk kallon mutanen ne. Zakka kuwa, da yake farilla ce, malamai da yawa sun fi son a bayyana ta. Ya ce akwai kuma ta ukunsu mai suna ujubu, wato mutum ya riƙa burge kansa da kansa, ita ko ɗan kallo ba ta buƙata. Na tambaye shi ko tunanin abin da za a faɗa a zaman makokin mutum yana cikinta. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce wa ya yi wannan tunanin, na ce wani abokina ne.

Abin da na koya dai shi ne, kalma ba ta zama taka don ka san asalinta da fassararta, kuma idan malami ya ce babi da saura, to a zauna a ji sauran. Yanzu duk kaka ni nake kai wa Baba Mati gaisuwa da abin da ya sawwaƙa, ko rafi ya ci gonarsa ko bai ci ba, da rana, ta ƙofar gida, in zauna in sha ruwa. Riyar kuwa ban ce muku na rabu da ita ba. Ina jin ta a bayan babur duk sanda wani ya ɗaga mini hannu a hanya. Na dai daina sa dattijon mutane ya biya kuɗin faɗan da ke tsakanina da ita.